So Ko Kwaɗayi? Tunani A Kan Masu Renon Furen Okid

'Yan'uwa, akwai wata tsohuwar tambaya da ta kamata mu riƙa yi wa kanmu: in mun ga abu mai kyau, zuciyarmu ta ce sai mun mallake shi, shin so ne ke magana ko kuwa kwaɗayi? Tarihin wani fure da ake kira okid zai taimake mu mu auna wannan tambaya.

Okid babban dangi ne na tsire-tsire, mai iri wajen 28,000. Da yawa daga cikinsu a kan rassan itatuwa suke zama a dazuzzukan ƙasashe masu zafi da ruwan sama, kamar yadda kauci ke yi, sai dai su ba sa shan ruwan jikin itacen. Masauki kawai suke nema. A Turai, Amurka da Asiya akwai mutanen da suka ɗauki renonsu abin nishaɗi. Sukan gina musu ɗakin gilashi, su kafa ƙungiyoyi, su kai furannin wurin gasa inda alƙalai ke duba launi da siffa kafin su ba da lambar yabo.

A ƙarni na 19 sha'awar nan ta zama kamar zazzaɓi a Ingila. Attajirai da 'yan kasuwar furanni suka riƙa tura mutane Kudancin Amurka da Asiya su kwaso musu okid. Aka sare itatuwa domin a ɗebe abin da ke bisa kansu, aka loda dubbai a jiragen ruwa, da yawa kuma suka ruɓe kafin su iso. A Ingila kanta akwai wani iri da ake kira "takalmin uwargida" saboda siffar furensa. Masu ƙaunarsa suka yi ta tono shi suna kai wa lambunansu, har a 1917 aka ɗauka ya ƙare a ƙasar. Sai a 1930 aka sake ganin tushe ɗaya tak a yankin Yokshaya, daga baya ma sai da aka sa masa masu gadi. Cutar ba ta ƙare da wancan zamani ba: wani sabon iri da masana suka bayyana daga ƙasar Biyetnam a 1999, cikin 'yan shekaru kaɗan masu tono suka kusa share shi daga dajinsa.

Abin lura shi ne, babu ko ɗaya cikin mutanen nan da ya ƙi furen. Da za a tambaye su, kowa zai rantse yana sonsa. To, wane irin so ne wannan da ke cinye abin da yake so? Mai so na gaskiya yana murna da cewa abin yana nan, ko da a tsaunin da ba zai taɓa hawa ba. Mai kwaɗayi kuwa murnarsa ita ce abin yana hannunsa, ta kuma fi ƙaruwa in ya tabbata maƙwabcinsa ba shi da irinsa. Shi ya sa ƙarancin fure ke ƙara masa daraja a idonsa, ƙarin darajar kuma ke jawo ƙarin tono.

Wani zai ce, ashe ke nan renon fure laifi ne? Ko kaɗan. Bari mu dubi ɗaya gefen labarin. Ƙwayar irin okid ƙanƙanuwa ce kamar ƙura, ba ta da guzurin abinci a cikinta, a daji kuma ba ta tsirowa sai da taimakon wani irin fumfuna. Saboda haka shuka ta ya daɗe yana wahalar da manoman fure. A 1922 wani masani a Jami'ar Konel ta Amurka, Lewis Knudson, ya nuna cewa za a iya tsirar da ita cikin kwalba a kan abinci mai sukari. Wannan ya buɗe hanyar samun dubban tsiro daga kwanso ɗaya ba tare da an taɓa daji ba. Ta hanyar tsirar da iri cikin kwalba ne masana na lambun Kew a Landan suka yawaita takalmin uwargida, har aka sake dasa shi a wuraren da ya ɓace. Yarjejeniyar CITES ta 1973 kuma ta sa dangin okid cikin abubuwan da ake sa wa ido in za a ƙetare iyakar ƙasa da su.

Wanda ya bi wannan hanya makarantar haƙuri ya shiga, gama daga iri zuwa fure akan jira shekaru, ba kwanaki ba. Zai koyi cewa yawan ban ruwa na ruɓar da saiwa, wato ko alheri ma yana da ma'auni. Zai koyi bin bukatar tsiron maimakon tilasta masa nasa nufi. In ya yi fure ya kai shi gasa, babu aibu, muddin ya tuna cewa shi mai reno ne kawai, Mahalicci ne ya zana launin.

Don haka ga ma'auni mai sauƙi da mai renon okid zai riƙe, mu ma mu ara. Kafin ya saya, ya tambaya: daga ina wannan tsiro ya fito, daga kwalba ko daga daji? Bayan ya mallaka, ya tambaya: zan iya raba tushensa in ba wani, in kuma yi murna in nasa ya fi nawa kyau? In ya iya amsa waɗannan da zuciya ɗaya, abin da ke hannunsa amana ce, kuma jikokinsa za su iske furen yana nan.