Ko Rashin Warkewa Rashin Bangaskiya Ne?

A farkon shekarun 1990 akwai wata mace mai bi a birnin Khartum, matar aure da 'ya'ya uku, 'yar Ekklesiyar Mennonayit daga Kanada. Ekklesiyar nan ta samo sunanta daga Menno Simons, firist ɗan Holan wanda ya bar Katolika a 1536. Mabiyanta ba su ɗaukar makami, kuma tun 1972 ƙungiyarsu ta agaji ta soma aiki a Sudan. Matar takan haye gadar Farin Nilu zuwa Omdurman, ta nufi Wad al-Bashir, inda aka tara mutanen Kudu waɗanda yaƙin da ya tashi a 1983 ya kora. A can take koya wa gwauraye ɗinki.

Sai aka ga sankara a mamanta. Ta shiga layi a asibitin ciwon daji na Khartum, wanda aka buɗe a 1967, tare da matan da suka kwana biyu a mota kafin su iso. Aka yi addu'a, aka yi azumi, ciwo bai saki ba. Daga baya aka kai ta gida, can ta rasu.

A wurin zaman makoki a Omdurman wani ɗan'uwa ya ce da bangaskiyarta ta cika, da ta tashi. Maganar nan ba baƙuwa ba ce. Ana jinta a Jos, ana jinta a Kaduna, wani lokaci ma a gaban marayun. Mai faɗinta yana tsammani yana ɗaukaka ikon Allah ne, alhali kuwa ya ɗora wa matacciya laifi, ita da ba ta da bakin amsawa.

A duba Littafi Mai Tsarki. Elisha, wanda ta bakinsa Na'aman ya rabu da kuturta, ciwo ne ya kwantar da shi har ya mutu (2 Sarakuna 13). Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a kan ƙayar da ke cikin jikinsa, ba a cire ba. Shi ne kuma ya bar Tarofimas ba lafiya a Militas. Wa zai ce waɗannan sun gaza bangaskiya? Allah yana warkarwa, babu musu. Amma addu'a roƙo ce ta ɗa ga Ubansa, ba ciniki ba ne da za a ce an biya kuɗi a ba da kaya.

Gwaurayen Wad al-Bashir ba su yi masa gardama ba. Ɗaya ta shiga ɗaki ta fito da rigar makarantar ɗanta, ɗinkin hannun marigayiyar, ta shimfiɗa a kan tabarma. Wata ta kawo nata zane. Haka gwaurayen Yafa suka yi wa Bitrus da tufafin Dokas. An ta da Dokas, gaskiya ne, amma ita ma ranarta ta sāke zuwa, Bitrus kuwa ba ya nan.

Mijin ya bar musu keken ɗinkinta. Da Sudan ta Kudu ta sami 'yanci a 2011, matan suka naɗe shi cikin bargo, suka sa shi a jirgin ruwa a Kosti, suka tafi da shi gida.