Ko Ɗan Soja Ya Fi Ɗan Manomi?

Ya ku 'yan makaranta, ga wata magana ku auna. A ce yara biyu sun fito ƙauye guda a ƙasar Dambatta, suka ci jarrabawa tare, aka karɓe su a jami'a. Dukansu marayu ne. Uban ɗaya soja, ya mutu a bakin daga. Uban ɗayan manomi, zazzaɓi ya ɗauke shi da tsakiyar damina. Gwamnati ta ɗauki nauyin karatun ɗan soja, ɗan manomi kuwa aka bar wa baffansa. Shin an yi adalci?

Al'amarin ba sabo ba ne. A yaƙin duniya na biyu an ɗebi samarin ƙasar nan an kai su Bama, cikin runduna ta 81 da ta 82. Bayan yaƙi, a 1954, aka buɗe wa 'ya'yan sojoji makaranta a Zariya, ita ce ta zama Makarantar Soja. A Amurka ma dokar 1944 ta biya wa sojan da ya komo daga yaƙi kuɗin karatu, ta 2008 kuma ta yarda wanda ya daɗe cikin aiki ya miƙa rabonsa ga ɗansa.

Mai gardama zai ce, to, da me ɗan soja ya fi? Ai manomi ke ciyad da soja. Kowa ya san ƙasar Bichi da Dambatta da Dawakin Tofa ya san gona ba ta hutawa, gama mutane sun yi wa ƙasa yawa. Sai da taki take ba da gero, in kuwa aka raba gado, abin da maraya zai samu bai fi 'yan kunyoyi ba. Kafin ya ga ƙofar jami'a sai an jinginar da su. Lalle wannan magana tana da ƙarfi, ni ma ta daɗe tana damuna.

Amma ku dubi gayya. Mutum ya yi rauni a gonarsa, maƙwabta su taimaka don alheri. In kuwa a gonar wani fartanya ta sare shi, bayan an kira shi, jinyarsa ta hau kan mai gona. Manomi ya mutu yana aikin gidansa. Soja kuwa a gonar jama'a ya faɗi, mu muka kira shi, ba shi kuma da ikon cewa yau ba ya zuwa. Saboda haka kuɗin nan bashi ne, kowa ya ci ladan kuturu kuwa ya yi masa aski. Ɗan manomi yana da nasa haƙƙi wajen Gwamnati, amma haƙƙin maraici ne da talauci, ƙofarsa dabam.

Sai dai fa bashi yana da mai shi. In aka mai da shi gado ga ɗan babban hafsa mai rai, mai albashi, an kauce. Wanda na fi jin tsoron a manta shi ne ɗan kurtu. Uwarsa ta gama takaba, ta bar bariki, ta koma ɗakinta na ƙauye, ba ta karanta takarda, ba ta san ofishin da za a tambaya ba. In akwai irinta a garinku, cikin hutun nan ku zauna da ita, ku nemi lambar mijinta da sunan bataliyarsa, ku rubuta mata wasiƙar.