Laifin bakanike ne, ko namu?

Ranar da za a tayar da tsohuwar Fijo 504 da aka sauke wa inji, gareji kan cika. Tun 1975 aka fara haɗa ta a Kaduna, har yau a Bauchi akwai masu riƙon ta kamar gadon uba. A zuba baƙin mai, a ɗiga fetur a kafireta, oga ya ce wa yaro, "Murza." Ta yi tari sau biyu, ta kama. Sai mu ce masha Allah, bakanike ya riƙe amana.

Anya kuwa? Injin da aka sa wa ringin jabu ma lafiya lau yake tashi. Sai bayan wata uku ƙarya ke fitowa, a hawan Jos, salansa na aman shuɗin hayaƙi, ga iyali a baya.

Amma kafin mu tsine masa, mu tuna ranar ciniki. Ya faɗi kuɗin kaya masu kyau, muka ce, "Haba Malam, yi mana dabara mana." Ya yi shiru, ya karɓi abin da muka miƙa. Mun san ma'anar shirun nan sarai. Muka kau da kai, muka tambayi ranar ɗauka.