Wa Zai Riƙe Yaro In Uba Ya Tafi Cin Rani?

Karatunmu na wannan mako yana cikin Littafin Sarakuna na Fari, sura 3, daga aya 16 zuwa 28, inda mata biyu suka kawo ƙara gaban Sarki Sulemanu a kan jariri guda. Tambayar da za mu auna da shi ke nan: sa'ad da miji da mata suka rabu, yaro kuwa yana wurin uba, idan uban ya tashi tafiya mai nisa, a hannun wa ya kamata ya bar shi?

Wannan magana ta shafi gidaje da yawa a Kumagannam da sauran garuruwan da ke kewayen Nguru da Gashuwa. Ƙasar rairayi ce, damina kuwa gajeruwa. Da an gama girbin gero an zuba a rumbu, sai maza su fita cin rani. Al'ada ce ta tun dā, amma tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso Nguru daga Kano a 1930, tafiyar ta ƙara nisa. Waɗansu sukan sauka fadamar Haɗejiya da Nguru domin kamun kifi da noman rani, waɗansu su nufi Kano ko Legas, ba su komowa sai an ga hadari a gabas. Wata shida ko fi, yaro ba ya ganin ubansa, uwarsa kuma tana wani gida.

Akwai ƙa'idodi iri uku a ƙasarmu a kan riƙon yaro. Bisa ga al'ada, in an yaye shi, dangin uba su ke karɓarsa. Bisa ga mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan maƙwabtanmu Musulmi su ke bi, uwa ce ke riƙon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuwa har ta tare a gidan miji, uba shi ke ciyarwa; in uwar ta sake aure, riƙon ya koma ga mahaifiyarta. Dokar Nijeriya ta 1970 a kan shari'ar masu auren rajista, da Dokar 'Yancin Yara ta 2003, sun sa amfanin yaro gaba da kome. Amma da asubar da mutum zai ɗaure kayansa ya nufi tasha, babu alƙali a ƙofar gidansa. Zuciyarsa ce za ta yanke shari'ar.

A nan ne mu ke bukatar hikimar Sulemanu. Ba shi da mashaidi ko ɗaya, gama matan nan su kaɗai ne cikin gidan. Ya sa a kawo takobi a raba jaririn biyu. Mace guda ta yarda, tun da ya ke abin da ta ke so shi ne kada abokiyar gardamarta ta samu. Ɗayar kuwa ta gwammace ta rasa ɗanta da ransa da a ba ta rabinsa matacce. Da haka sarki ya gane uwa ta gaskiya.

Takobin nan yana nan har wa yau, ko da shi ke ba a ganinsa. Uban da ya bar yaronsa wurin amarya wadda ba ta so, ko wurin maƙwabci wanda nasa 'ya'yan sun yi masa yawa, alhali uwar yaron tana Gashuwa tana marmarinsa, domin kawai kada a ce ta ci nasara, ya yarda a raba yaron ke nan. Haka kuma uwar da aka danƙa mata yaro na wata shida, ta cika masa kunne da laifofin ubansa, ko kuwa ta ƙi mayar da shi ranar da aka yi alkawari. Zabura 127 ta koya mana 'ya'ya daga wurin Ubangiji su ke. Amana ce aka ba mu, ranar lissafi kuwa tana zuwa.

Saboda haka muna cewa, ƙofar da ya kamata uba ya fara yi wa sallama ita ce ta uwar yaron. Cikin Fitowa sura 2, 'yar Fir'auna tana da ikon sarauta a kan Musa, duk da haka uwarsa ce ta goye shi, har ana biyanta lada.

Wani zai ce, "Ai ta yi aure, mijinta kuwa ba ya son agola." Wani kuma ya ce, "In na ba ta, ba za ta mayar mini da shi ba." Kada mu rena waɗannan maganganu, gama yakan faru haka. Wani lokaci ma gidan uwa ba shi da lafiya ga yaro. Sa'an nan sai a nemi kaka ko gwaggo, wadda yaron ya sani, wadda kuma ba za ta tare wa uwarsa hanya ba. Maganin tsoro kuwa shi ne a yi magana a fili. A zauna gaban dattawa biyu ko uku na ekklesiya, da wani daga kowane dangi, a faɗi inda yaron zai kwana, da mudu nawa na hatsi za a bari, da wanda zai biya kuɗin makaranta da na magani, da watan da za a komo da shi. A rubuta, kowa ya riƙe takardarsa.

Wanda ya tafi kuma, kada nisa ta zama masa hujja. Hannatu ta bar Sama'ila a Shilo, amma kowace shekara takan ɗinka masa 'yar riga ta kai masa. Manzo Bulus ya tsauta ƙwarai wa wanda ba ya kula da mutanen gidansa, cikin 1 Timoti 5:8. Yau ga wayar hannu, ga hanyar aika kuɗi daga Legas har ƙauye. Zumunta a ƙafa ta ke, in ji mutanen dā. Ta uba da ɗa kuwa ta fi kowace bukatar a taka.

Mu sauran masu bi, kada mu ce ba ruwanmu. Ɗa na kowa ne. Idan mun ga yaro yana ramewa a hannun riƙo, mu yi magana tun rani bai yi nisa ba.

Tambayoyi domin bincike:

1. Da me Sulemanu ya gane uwa ta gaskiya?
2. Wane lokaci ne ya dace a hana uwa riƙon ɗanta, wa kuma ya isa ya yanke haka?
3. Yara nawa cikin ekklesiyarmu ke hannun riƙo a wannan rani, wa kuma ya ziyarce su?