Kafin ka miƙa hannu ga Jibin Ubangiji

Ɗana, da kai nake, kai da aka yi wa baftisma bara ko bariya, kake kuma tashi tare da manya in an ce a matso ga Jibin Ubangiji. Ina ganin yadda kuke tahowa, ku samarin Dogon Dutsi. A sunkuyar da kai, a karɓi gutsuren gurasa, a kurɓi ƙoƙo, a koma mazauni, wani ma bai gama haɗiyewa ba hannunsa ya kai ga salula. Ban ce ba ku da bangaskiya ba. Tsorona kada sabo ya cinye muku abin, ku yi shekara ashirin kuna ci ba ku taɓa tambayar kanku me kuke ci ba, da wa kuma kuke ci.

Ka san asalinsa. A Urushalima ne, lokacin Idin Ƙetarewa, wanda Yahudawa ke yi don tunawa da fitar kakanninsu daga bauta a Masar. A daren da za a bashe shi, Yesu ya ɗauki gurasa ya yi godiya, ya gutsuttsura wa almajiransa, ya ce jikinsa ne. Ya miƙa musu ƙoƙo ya ce jininsa ne na sabon alkawari, ya umarce su su riƙa yin haka suna tunawa da shi. Matiyu da Markus da Luka sun rubuta labarin, Manzo Bulus ma ya rubuta. To dubi mutanen da ya zauna da su. Bitrus na nan, wanda kafin zakara ya yi cara zai ce bai san shi ba. Sauran kuma da aka zo kamu kowa ya ranta a na kare. Yana sane da halinsu ya ba su.

A garin nan gida biyu ne ke cin wannan Jibi. Akwai ƴan Katolika, waɗanda mishan ɗinsu ke nan tun shekarun 1940, suna ƙarƙashin Yamai, inda Laurent Lompo, ɗan ƙasa na farko da ya riƙe muƙamin, yake babban bishop tun 2015. Su sun gaskata cewa in fada ya keɓe gurasa da ruwan inabi a Misa, sun zama jiki da jinin Almasihu na hakika. Shi ya sa suke kame baki awa guda kafin su karɓa, mai babban zunubi kuma sai ya je ikirari tukuna. Dole gurasar ta zama ta alkama, ruwan kuma na inabi, alhali Arewa ƙasar hatsi da wake ce, don haka daga nesa ake kawo su, kuma ƙauyen da katikis kawai yake da shi sai ya jira zuwan fada. Akwai kuma masu bishara, ƴaƴan aikin mishan na SIM da ya fara a Damagaram a 1924. A wurinsu gurasa tana nan gurasa, abin da ake yi tunawa ne da shelar mutuwar Ubangiji har ya dawo. Wannan saɓani ya girme mu duka. A 1529 Martin Luther da Zwingli sun zauna a Marburg ta Jamus, suka daidaita a kan kusan komai, suka tashi baram-baram a kan wannan. Ba ni zan raba gardamar ba, kai ma kada ka ɓata Lahadinka a kanta.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne a ɗauki Jibi magani. Mu jikokin mutanen da suka san yanka ne, Lugu da Bagaji, garuruwan yankan gargajiya, ba su da nisa, kuma ba na zagin kakanninmu. Sai dai tunanin nan na a ba da abu a karɓi tsari bai fita daga jininmu ba. Za ka ga wanda ba ya taka majami'a sai ranar Jibi, don yana da tafiya ko jarrabawa ko shari'a a gaba. Jibi ba laya ba ne, ba ya kare ka daga hatsarin babur, ba ya sa gona ta yi. Ba kai kake kawo hadaya don a biya ka ba, ana ba ka ne abin da aka riga aka biya.

Yanzu ga inda nake so ka kasa kunne. Mafi tsufan bayanin Jibi da ke hannunmu yana cikin wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura ta 11, wadda ya rubuta wajen shekara ta 55, kuma faɗa ne yake yi musu. A lokacin abinci ne sosai ake ci a gidan wani mai hali. Masu dukiya sukan zo da wuri da girkinsu, su ci su sha har wani ya bugu, bayi da ƴan ƙwadago kuwa sai sun tashi aiki su iso su tarar an suɗe kwano. Bulus ya ce musu wannan da suke ci ba Jibin Ubangiji ba ne sam, raina ikilisiya suke yi, suna kunyata marasa shi. Gargaɗin da fasto ke karantawa kowane lokaci, cewa mutum ya auna kansa kafin ya ci, daga wannan faɗan ya fito. Mu mun mai da shi rufe ido na minti ɗaya, alhali maganar yadda ka riƙe ɗan'uwanka ce.

Kai Ba'are ne, ka san wanda kuka sa hannu a akushi ɗaya ba ka kwana da ƙullinsa, in ka cuce shi kuwa ba a ce ka yi laifi kawai, cewa ake ka ci amana. To yaya za ka sha ƙoƙo ɗaya da ƙanen babanka alhali shekara biyu ba ku gaisawa saboda iyakar gona a fadama? Yaya mutum zai ba gwauruwa tiya goma ta hatsi a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ya ce da kaka ta biya ashirin, sa'an nan ya tsaya bayanta a layi yana waƙa? Justin, wanda aka kashe saboda bangaskiyarsa a Roma a ƙarni na 2, ya bayyana yadda suke sujadar Lahadi: bayan an ci, dikinoni su kai wa waɗanda ba su samu zuwa ba, a kuma tara abin da za a taimaki marayu da gwauraye da marasa lafiya da ƴan kurkuku. Su ba su raba teburin da tukunyar maƙwabci ba.

Mu dattawa ma muna da namu. Muna saurin sa yarinyar da ta yi ciki a horo mu hana ta Jibi, amma attajirin da ya danne kuɗin ƴan ƙwadagonsa mu ba shi kujerar gaba. Wannan shi ne aikin Korinti sak. Kai kuma in kunya ce ta sa kake zama in mutane sun tashi, kada ka mai da gudu al'ada. Je ka ga fasto ko fada, ka faɗi abin da ke ranka, ka tuba, ka dawo.

Kafin Lahadin Jibi mai zuwa, ka san gidan da ƙafarka ta daina takawa. Ka je da yamma, ka yi sallama, in da bashi ka biya abin da ya samu ka sa ranar sauran. In ya ƙi saurarenka, ka koma da dattijo guda.