Ka Biya Kuɗinka, Amma Naka Ne? Magana a Kan Madubin Bindiga na Intanet

A 'yan shekarun nan ciniki ya koma cikin waya. Abin da a da sai ka taka zuwa kasuwar Monday Market ko Gamboru ka juya shi a hannunka, yau hoto kawai za ka gani a Facebook ko a zauren WhatsApp, ka tura kuɗi, a saka maka a mota, ka je tasha ka karɓa. Cikin kayan da ke yawo ta wannan hanya akwai waɗanda ba irin na kasuwa ba ne: madubin da ake ɗaurawa a kan bindiga don saiti, da na'urar gani cikin duhu, da tabaran hangen nesa irin na sojoji. Masu sha'awarsu kuwa ba baƙi ba ne. Maharba ne, da 'yan sintiri, da masu gadi, da samarin da kayan kaki ke burge su.

Tambayar ita ce: mutum ya saya da kuɗinsa na halal, kaya sun iso, sai ya ga an kankare lamba a jikin ƙarfen, ko ya ga tambarin da ke nuna mallakar wata runduna ce. Bai yi sata ba, bai kuma ga lokacin da aka yi ba. Me ya wajaba a kansa?

Mu fara da inda irin waɗannan kaya suke fitowa, domin zargi ba ya tsayuwa a kan iska. Na'urar gani cikin duhu ba a shigo da ita Najeriya haka kawai. Sai da takardar izini daga ofishin mai bai wa shugaban ƙasa shawara kan tsaro, wadda ke bayyana wanda zai yi amfani da ita. Asalin ta kirki kuɗinta ya kai dubban daloli. To idan wani ya ce zai ba ka a kuɗin tsohuwar waya, ɗayan biyu ne: ko jabu ce, ko wanda ya sayar bai biya komai a kanta ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Hanyoyin da kayan gwamnati ke bi su faɗo hannun mutane sanannu ne gare mu mazauna Yerwa. Ta farko, kwasar ganima bayan an afka wa sansanin soja, kamar yadda ya faru a Baga a Janairun 2015 da Metele a Nuwamban 2018. Ta biyu, cin amana daga cikin gida. Rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya na shekarar 2019 ya ce makamai 178,459 ba a san inda suke ba a rumbunan 'yan sanda, 88,078 daga ciki ƙirar AK-47 ne. A Oktoban 2024 Malam Nuhu Ribadu ya faɗa a bainar jama'a cewa da yawa daga makaman da ke hannun miyagu asalinsu na gwamnati ne, har ya yi Allah ya isa ga jami'an da ke sayar da su. A Mayun 2025 kuma, a nan Maiduguri, rundunar Operation Haɗin Kai ta sanar da kama sojoji 18 da 'yan sandan kwantar da tarzoma 15 bisa zargin safarar makamai. Hanya ta uku daga waje take: rumbunan Libiya da suka fashe a 2011 sun cika Sahel da makamai, kamar yadda na'urorin gani cikin duhu da Amurka ta bari a Afganistan a 2021 suka riƙa ɓullowa a hannun 'yan bindiga a Pakistan.

Ka ga ke nan, madubin da ke hannunka yana iya zama an cire shi daga bindigar sojan da aka kashe a bakin aiki, ko kuma wani ya zare shi daga sito ya bar abokin aikinsa yana gadi cikin duhu ba ya ganin mai tahowa. Ko wanne ne, akwai wanda ya biya farashin da ya fi naka.

Uzuri na farko da ake kawowa shi ne: "Ni ban sani ba, kuma ba a hukunta mutum da zato." Gaskiya ne, zato kaɗai ba hujja ba ne, kuma ba duk abin da ya yi kama da na soja ne na soja ba; kasuwa cike take da kwaikwayo daga Sin. Amma rashin sani iri biyu ne. Akwai na wanda ya bincika bai ga alama ba. Akwai na wanda ya ga alama ya kau da kai, don ya san in ya tambaya amsar za ta ɓata masa ciniki. Na biyun ba rashin sani ba ne, zaɓi ne. Dokar Penal Code da aka kafa wa Arewa tun 1960 ta gane wannan bambanci: sashe na 317 bai tsaya ga wanda ya san kaya na sata ne ba, ya haɗa da wanda yake da dalilin da zai sa ya yi zaton haka, kuma ɗaurin yana iya kai shekara 14. Lura kuma, ba karɓa kaɗai ta ambata ba, har da ci gaba da riƙewa. Ma'ana, mutum yana iya saye da zuciya ɗaya ranar Litinin, ya ga kankararriyar lamba ranar Talata, daga ranar Laraba hisabinsa ya canza. Kuɗin da ka biya jiya ba ya goge abin da idonka ya gani yau.

Malamanmu na Malikiyya ma haka suka tsara babin. Wanda ya sayar da abin da ba nasa ba bai miƙa maka mallaka ba, domin ba shi da ita balle ya bayar. In mai kaya ya bayyana da hujja, zai karɓi abinsa ba tare da ya biya ka ba, kai kuma ka koma kan wanda ya sayar maka ka nemi kuɗinka. Da ɗaci, amma ka juya lamarin: da kekenka aka sace aka sayar wa wani a Bulabulin, za ka yarda a ce ya zama nasa don ya biya?

Uzuri na biyu ya fi shiga jinin mutane: "Ai kayan gwamnati ne, ba na kowa ba." Wannan magana ita ta cinye mana wayoyin wuta da ƙarafan gada da magungunan asibiti. Kayan gwamnati ba marasa mai su ba ne. Masu su ne suka yi yawa. Wanda ya saci akuyar maƙwabcinsa ya san ƙofar da zai je neman yafiya. Wanda ya ci na jama'a fa, ƙofa nawa zai ƙwanƙwasa? Shi ya sa addini ya tsananta a kan gululu, wato ɗaukar wani abu daga dukiyar jama'a a ɓoye. Ya tabbata a tarihin yaƙin Khaibara cewa an yi wa wani mutum shaidar azaba saboda mayafi guda da ya ɗauka kafin rabo, har wani da ya ji ya taho da igiyar takalmi ya mayar. Igiyar takalmi fa, 'yan uwa.

Uzuri na uku shi ne mafi ƙarfi, kuma bai kamata a yi masa dariya ba. Maharbi ko ɗan kato da gora zai ce: "Ni da wannan madubi manoma nake rakawa gona. Mun binne mutum 43 a Zabarmari a Nuwamban 2020. In na mayar, wa ya tabbatar mini ba za a sake sayar da shi ga waɗanda muke yaƙa ba? Gara ya zauna a hannun mai tsare jama'a." Duk wanda ya zauna garin nan ya san nauyin wannan magana. Amma mu bi kuɗin mu ga inda ya tafi. In jami'i ne ya sato, kuɗinka ya koya masa cewa akwai kasuwa, kuma gobe ba zai tambayi mai saye ko wane ɓangare yake ba. Wanda ya fi biya shi zai ba. In kuwa daga daji kayan suka fito, to kuɗinka ya koma daji, ya zama mai da abinci da harsashi. Kyakkyawar niyyarka ta tsaya a ƙirjinka, kuɗin kuwa ya ci gaba da tafiya. Sannan a tuna, abin da ya ɗaga sunan samarin Hausari a 2013, lokacin da aka fara kato da gora a unguwar nan, ba kayan aiki ba ne, don sanduna ne a hannunsu. Yarda ce: jama'a sun yarda da su, hukuma ta yarda da su. Ranar da aka fara samun kayan sata a hannun masu tsaro, wannan yarda ce za ta fara zubewa. Mai buƙatar kayan aiki ya nema ta hannun shugabanninsa, a rubuta sunansa a kai.

To, saura tsoro, kuma shi ne ainihin abin da ke ɗaure mutanen kirki. A wani gari ka ce wa mutum "kai wa hukuma" magana ce mai sauƙi. A Maiduguri ba haka ba ne. Sunan barikin Giwa kaɗai ya isa ya sa uba ya hana ɗansa fita. Ƙungiyar Amnesty ta ce a rahotonta na 2015 sama da mutum 7,000 sun mutu a tsare a hannun soja tun daga 2011, kuma akwai gidaje a unguwannin nan da har yau ba su san inda nasu suke ba. Wanda ya ce yana tsoron ya shiga ofishi da kayan soja a leda ba matsoraci ba ne, mai tunawa ne. Gaskiya ba ta wajabta wa mutum ya jefa kansa a halaka ba. Sai dai tsoro yana canza yadda za a sauke nauyi ne, ba ya sauke nauyin.

Mu auna hanyoyin da ke gabansa. Ya ɓoye a ɗaki: ya ajiye wa iyalinsa bala'i, domin ranar da aka zo bincike babu mai sauraron labarin Facebook. Ya sayar wa wani: ya zama shi ne dillalin, kuma yanzu da saninsa. Ya mayar wa mai sayarwa ya karɓi kuɗinsa: aljihunsa ya huta, amma ya miƙa wa ɓarawo kaya ya sake sayarwa, wataƙila ga wanda zai saita mu da su. Ya jefa a kogin Ngadda: ya tsira da kansa, amma ya lalata dukiyar da ba tasa ba, ya kuma binne zaren da za a bi a kamo mai satar. Hanya ɗaya ce ta rage da ba ta ɗora wa wani cutar ba, ita ce mayarwa, amma da hikima.

Hikimar kuwa ita ce kada ka tafi kai kaɗai, kada kuma ka tafi hannu rabbana. Kafin komai, adana hujjojinka: hoton tallar, hirarku da mai sayarwa, lambar wayarsa, shaidar tura kuɗi ta banki, da takardar tasha in akwai. Kada ka goge komai, kada ka ƙara kankare komai, kada ka ɗaura shi a kan bindiga ko ka ɗauki hoto da shi. Ka fara da bulama, shi ya kai maganar ga lawan. Wanda ke cikin ƙungiyar maharba ko kato da gora ya bi ta shugabansa. In da hali a nemi lauya, ko a sanar da ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke garin nan. A sanar da hukuma tukuna kafin a ɗauki kayan a bi titi da su, kada a tare ka a shingen bincike kafin ka isa. In an miƙa, a nemi takardar shaida mai kwanan wata da sunan wanda ya karɓa. Wannan takarda kariya ce gare ka, kuma ita ce ke sa ya yi wuya kayan su sake ɓacewa.

Kuɗinka fa? Mai yiwuwa sun tafi, kada mu yaudari juna. Haƙƙinka yana wuyan wanda ya sayar maka, kuma samunsa ba tabbas. A nan ne unguwa take da aiki. In ɗanmu ya zaɓi asara a kan riƙe haram, bai kamata mu bar shi ya ɗauka shi kaɗai ba, balle a riƙa kiransa wawa a majalisa. Yadda muke haɗa gudummawar biki da ta jinya, haka za mu iya rage masa zafi. Al'ummar da gaskiya ke da tsada a cikinta, ƙarya ce za ta yi arha.

Hukuma ma da nata. Tun 2021 akwai cibiyar ƙasa ta taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai. Muna roƙon a samar da ƙofa sananniya, ta hannun masu unguwanni, inda wanda ya kawo irin wannan kaya da kansa za a karɓe shi a matsayin mai taimako, ba wanda ake tuhuma ba. Jihar da ta buɗe hanya ga dubban waɗanda suka fito daga daji suka miƙa wuya ba za ta rasa hanya ga ɗan gari da ya yi kuskuren saye ba. Duk mutumin kirki ɗaya da aka wulaƙanta don ya mayar da kaya, an koya wa ɗari su yi shiru.

Mafi sauƙi dai shi ne tun farko. Ka tambayi mai sayarwa inda ya samo, ka nemi rasit, ka nemi hoton lambar da ke jiki. In ya fara kame-kame, ko ya ce "kai dai ka biya, ban da yawan tambaya", to ya riga ya ba ka amsa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Iyaye kuma a riƙa duba abin da yara ke karɓowa daga tasha. Allah Ya tsare mu da abin da za mu kasa bayaninsa a gaban hukuma, balle a gabanSa, Ya kuma dawwamar mana da zaman lafiya a Borno.