Ka Sa Musu Abinci da Ruwa

Karatu: 2 Sarakuna 6:8-23, Romawa 12:17-21



Manya a cikinmu ba su manta da watan Satumba na 2006 ba. Gardama ta tashi a Dutse, aka ce an yi saɓo, kafin a ce kwabo an cinna wa majami'u da dama wuta, har da babbar majami'ar Angilikan. Shagunan 'yan'uwa suka ƙone, iyalai suka gudu barikin 'yan sanda neman mafaka. Ina saurayi a lokacin. Bulo da kwano ana iya sayen sababbi, amma abin da ya shiga zuciyata a makon nan ya yi shekaru bai fita ba.

Bari in faɗa muku gaskiya. Na daɗe ina zuwa addu'ar dare, in ɗaga murya in ce wutar Allah ta cinye maƙiyana, jama'a su amsa da babbar Amin. Bakina yana cewa aljanu nake nufi. Amma idan na rufe ido, fuskokin mutane nake gani, waɗanda nake haɗuwa da su a kasuwa da tasha. Na san ba ni kaɗai ba ne.

Almajirai biyu sun riga mu yin irin wannan addu'a. A Luka 9:51-56, wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi saukar da Yesu, sai Yakubu da Yohanna suka nemi izini su kira wuta daga sama. Suna ma da hujja, don annabi Iliya ya taɓa yi. Yesu ya juya ya tsawata musu, suka wuce wani ƙauye. Mu 'yan Fentikos muna son wuta, kuma daidai ne. Sai dai a ranar Fentikos a kan masu bi ta sauka, ba ta ƙone kowa a Urushalima ba. Mutum wajen 3,000 suka tuba a ranar, a birnin da aka gicciye Ubangiji makonni bakwai da suka shige.

Yanzu mu dubi Elisha. Sarkin Suriya ya aiko rundunar dawakai da karusai da dare suka kewaye Dotan, don su kama mutum ɗaya. Elisha ya yi addu'a, Allah ya makantar da su, shi kuma ya ja su har tsakiyar Samariya. Da idonsu ya buɗe, ga su a hannun Isra'ila, ba hanyar gudu. Sarkin Isra'ila, don ɗoki, har sau biyu ya tambayi annabi ko ya kashe su. Kada mu yi saurin zargin sarkin nan. Waɗannan mutane ne da suka saba kai hari, suna kwashe 'ya'yan mutane. Yarinyar da ke bauta a gidan Na'aman a sura 5 haka aka kamo ta. Duk da haka Elisha ya ce a sa musu abinci da ruwa, su ci su sha, su koma wurin maigidansu. Aka yi musu babbar liyafa, hare-haren kuma suka tsaya. Wanda ya karanta aya 24 zai ga cewa daga baya Ben-hadad ya sake zuwa da yaƙi. Wato Allah bai yi alkawari cewa tuwo ɗaya zai gyara maƙiyi har abada ba. Umarni ya bayar.

Umarnin nan Manzo Bulus ya ɗauko daga Karin Magana 25:21-22 ya aika wa masu bi na Roma: maƙiyi mai yunwa a ciyar da shi, mai ƙishi a shayar da shi, ramuwa a bar wa Allah. Ba mutanen da ke cikin daɗi ya rubuta wa ba. Sarki Kalaudiyas ya taɓa korar Yahudawa daga birnin, har da Akila da Bilkisu, kuma 'yan shekaru bayan wasiƙar, a shekara ta 64, Nero ya ɗora wa Kiristoci laifin gobarar Roma ya karkashe su. Ku lura Bulus bai ce sai ka ji daɗin maƙiyinka a rai ba. Ya ce ka ba shi abinci. Hannu na iya yin biyayya tun zuciya ba ta huce ba, sau da yawa ma ta bayan hannun zuciyar ke biyowa.

Fasto James Wuye na Assemblies of God a Kaduna ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992. A ɗaya ɓangaren, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. A 1995 aka haɗa su, suka fara aikin sulhu tare. Abin da ya fi taɓa ni shi ne abin da Fasto Wuye ya faɗa da bakinsa: ya yi shekaru suna tafiya tare, suna kwana ɗaki ɗaya, yana raya wa a ransa ya danne Imam da matashin kai. Sai da wani bawan Allah ya gaya masa cewa ba a wa'azin Almasihu da ƙiyayya a ciki, sannan ya saki. Su biyun ne suka taimaka aka yi sulhu a Yelwa ta Shendam bayan kashe-kashen 2004.

A nan Miga gwajinmu ba ya yawan zuwa da wuta. Yakan zo da kalmar arne a bakin yaro, ko ɗakin haya da aka ce babu bayan an ji sunanka. Muna da wata maƙwabciya da takan wanke bakin famfo duk lokacin da maiɗakina ta gama ɗiban ruwa, a gaban idonta. Da daminar 2022, lokacin da ruwa ya ci gonaki da gidaje a Miga da Jahun da Kafin Hausa, ɗakin matar nan ya rushe. Maiɗakina ta auno gero, ta naɗe tabarma. Na ce, "Ba za ki dafa ba?" Ta ce, "Maigida, girkina ba za ta ci ba. Tsaba zan kai mata, ta dafa da hannunta." Na yi shiru, don ni da na yi makarantar tauhidi ban kai nan ba. Matar ta karɓa, ta ce an gode a taƙaice. Yanzu takan amsa gaisuwa. Bakin famfo kuwa har yau wani lokaci takan wanke.

Wani zai ce, Mai bishara, ashe mu zama tabarmar kowa? A'a. Romawa 13 ta ce hukuma ce ke riƙe da takobi. Bulus kansa ya faɗi cewa shi ɗan ƙasar Roma ne sa'ad da za a yi masa bulala, ya kuma ɗaukaka ƙara zuwa Kaisar. Idan an cuce ka, kai ƙara wurin mai unguwa, ko hakimi, ko 'yan sanda. Idan akwai haɗari, kwashe iyalinka. Abin da aka hana ka shi ne ramuwa da hannunka, da ajiye mutum a rai kana jiran ranar da masifa za ta same shi ka ce Allah ya amsa addu'a. Afisawa 6:12 ta nuna mana da wa muke kokawa, kuma sunan maƙwabcinka ba ya cikin jerin.

A makon nan ka kira sunan mutum ɗaya a gaban Allah, wanda ba ka so ka ji an yabe shi. Ka roƙa masa albarka da sunansa, da na 'ya'yansa. Sannan ka bincika abin da yake bukata wanda zai iya karɓa daga hannunka.

Addu'a: Ya Uba, ka san fuskokin da nake gani idan na rufe ido. Ka gafarta mini addu'o'in da na yi a kansu. Ka ba gidajensu ruwa da hatsi da lafiya. Ruhu Mai Tsarki, ka ba ni ƙarfin da zan yi sallama a ƙofar da na daɗe ina kauce wa. A cikin sunan Yesu. Amin.